Neman Sunayen Kakanninmu a Tsofaffin Takardun Ƙidaya da na Haraji

Jawabin da sakataren ƙungiya ya gabatar a taron mambobi a Damare



Shugaban wannan taro, iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, malamai, matasa, da sauran 'yan'uwa da suka taso daga Jimeta da cikin Yola, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan wata tambaya da ta yi yawa a ofishin ƙungiya. Yaro ya gama sakandare, zai nemi jami'a ko aikin soja ko na ɗan sanda, sai a ce ya kawo takardar indijin. Ya je nema a inda aka haife shi aka kuma haifi ubansa, a ce masa kai baƙo ne, tafi garinku. Ya ci bashin kuɗin mota ya tafi garin da ake cewa nan ne asalin kakansa, ko ƙasar Kano ko Katsina ko Haɗeja ko Borno, can kuma a tambaye shi, ɗan gidan wa? Ya faɗi sunan kakan nasa, babu wanda ya taɓa jin sa. Ya dawo hannu rabbana, shekara ta wuce shi. To a nan ne iyaye suke zuwa suna tambayarmu: shin ba gwamnati ta sha yin ƙidaya ba tun zamanin Turawa? Ina takardun suke? Me zai hana a buɗe su a ga sunan kakanmu da unguwar da aka ƙirga shi?

Tambaya ce mai kyau, kuma mu da muka koyi karatun boko da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci mun fi kowa sanin darajar mutum ya ga suna a rubuce. Amma dole mu faɗa muku gaskiya tun daga farko domin kada wani ya ɓarnatar da guzurinsa. A Ingila, idan takardun ƙidaya suka cika shekara ɗari sai a buɗe wa jama'a, kowa ya duba gidan kakansa da sunan kowa da ke ciki. Na 1921 an buɗe su a 2022. A Amurka shekara 72 ake jira. Mu a nan ba haka abin yake ba. Abin da aka buga daga ƙidayar Nijeriya lissafi ne: gari kaza maza kaza, mata kaza, yara kaza. Ba za ka je wani ofishi a ɗauko maka littafin ƙidaya mai jerin sunayen mutanen Damare ko na Limawa ba.

Bari mu bi su da sauri. An yi ƙidaya a 1911 da 1921 da 1931, kuma a lardunan Arewa yawancin lissafin waɗannan shekaru daga takardun haraji aka kwashe shi, ba gida-gida aka bi ba. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. An yi ta 1952 zuwa 1953, wadda ita ce ta farko da aka yi ƙoƙarin bin ƙasar duka. Ta 1962 aka soke, aka sake a 1963. Ta 1973 ma gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Sai ta 1991, sai ta watan Maris 2006 wadda ta ba Nijeriya mutum miliyan 140 da ɗoriya, jihar Adamawa kuma miliyan uku da 'yan kai. An shirya wata a 2023 aka ɗage. A ta 1991 da ta 2006 ba a tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, saboda haka ko lissafin Hausawan da ke wata unguwa ba za ka samu a cikinsu ba. Tsofaffin su ne suka rarraba mutane ƙabila-ƙabila, kuma amfaninsu gare mu ke nan: suna iya nuna cewa a shekara kaza akwai Hausawa ko Barebari a gunduma kaza. Wannan shaida ce ta al'umma gaba ɗaya, ba ta gida ɗaya ba.

To ina sunayen suke? Suna cikin takardun haraji, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe.

A zamanin En'e, duk shekara mai unguwa ko jauro yakan zauna da malamin haraji a rubuta sunan duk namiji baligi da zai biya, unguwa-unguwa, a kai wa hakimi, kuɗi su tafi baitulmali. Wanda ya biya a ba shi rasit. Mai shanu kuma ya biya jangali a ba shi nasa. Dattawan da ke nan sun tuna yadda mutum ba ya kama hanya sai da rasit ɗin nan a aljihu, domin ana iya tare shi a kasuwa ko a bakin kwata a ce ya nuna. Abin da kakanninmu suka ɗauka azaba, yau shi ne ya zama shaidarsu. Rasit guda ɗaya mai suna da unguwa da shekara ya fi mana littafin ƙidaya sukutum. Kafin kowa ya yi zancen zuwa Kaduna, ya fara zazzage adakar tsohuwa, da gafakar malam, da tsohon akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. Sau da yawa tsofaffi sukan cusa irin waɗannan takardu a tsakanin warƙoƙin littattafansu.

Littattafan harajin su kansu sun warwatse. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka rushe tsarin En'e, takardunta wasu suka zauna a ofisoshin hakimai, wasu suka bi sababbin hukumomi, wasu gara ta cinye. A 1979 gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, saboda haka mai neman dangi a waɗannan jihohi kada ya sa rai da jerin sunaye bayan wannan shekara. Har ila yau ku tuna cewa ƙasar nan da muke zaune ta sha canza suna. Turawa sun ci Yola a watan Satumba 1901, aka yi Lardin Yola. A 1926 ya zama Lardin Adamawa. A 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri, a 1976 aka yi Gongola, a 1991 aka raba ta Adamawa da Taraba. Damare yau tana ƙaramar hukumar Girei. Duk lokacin da aka yanka iyaka, fayil yakan bi wani ofishi dabam, don haka idan aka ce maka babu a nan, tambayi wace hukuma ce ke riƙe da wurin a shekarar da kake nema.

Babbar ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Arewa tana Kaduna, a kan titin Yakubu Gowon. Takardun lardinmu ana kiransu da laƙabin Yolaprof, na Kano Kanoprof, haka sauran larduna. A cikinsu akwai rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi domin yanka haraji. Bature yakan sauka a gari ya tara dattawa ya tambaye su wa ya kafa garin, daga ina ya zo, su wa suka yi sarauta bayansa, gidaje nawa, masaƙa nawa, marina nawa, mahauta nawa, maƙera nawa. Ba don ƙaunarmu ya rubuta ba, don ya san nawa zai karɓa ne, amma ya rubuta. Idan kakanka ya taɓa riƙe sarautar sana'a, kamar sarkin fawa ko sarkin zango ko sarkin kasuwa, ko ya yi limanci, to akwai fatan a ci karo da sunansa. Idan talaka ne mai tallan koli, da wuya. A Kaduna ɗin kuma akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, inda ake ajiye littattafai da rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Ga matasanmu masu Turanci, littattafai biyu za su share musu hanya kafin su tafi: na Kirk-Greene a kan Adamawa da aka buga a 1958, da na Farfesa Sa'ad Abubakar a kan Lamiɓen Fombina na 1977.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya, wato sunan kansa. Mutane da yawa sukan ce kakanmu ya ɓace daga takarda, alhali yana nan, sunan ne ba su gane ba. Mu Hausawa mutum ɗaya yana iya ɗaukar suna huɗu. Akwai na yanka, wanda uwarsa ba ta taɓa furtawa ba idan ɗan fari ne ko kuma mai sunan surukinta. Akwai laƙabin gida, Tanko ko Ɗanjuma ko Mato ko Bawa. Akwai na sana'a, Maigoro ko Maitaba ko Baduku. Akwai kuma na gari, wanda baƙo ke samu a inda ya sauka, Audu Kano ko Musa Haɗeja. Jikoki sun san shi da Baba Dogo, malamin haraji kuma ya rubuta Muhammadu. Sannan a nan ƙasar Fombina malamin yana iya zama Bafillace, sai Abubakar ya koma Buba, Muhammadu ya koma Hammadu, inda za mu ce ɗan wane shi ya sa ɓii wane. In kuma da ajami aka fara rubutawa wani akawu ya juya shi zuwa boko, ko Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sai ka ga Mamman da Momadu da Mohamadu duk mutum ɗaya ne. Saboda haka kada wanda ya tafi bincike da suna ɗaya. A tafi da sunan yanka, da laƙabi, da sunan uba, da sana'a, da sunan mai unguwar zamanin, da sunayen maƙwabta biyu ko uku. Jerin haraji gida-gida yake bi, idan ka ga maƙwabcin to duba sama da ƙasa da shi.

Wasu kuma da gangan suka ɓace. Ƙirga a wancan zamani haraji take nufi, kowa ya san haka. Ko a ƙasar Ibo, boren matan Aba na 1929 daga ƙirgar mata da dabbobi ya tashi. Saurayi yakan kwana a gona ranar da malamin haraji zai zo, uba yakan ce ɗansa bai balaga ba, ɗan ci-rani kuma sunansa yana can garinsu inda yake biya ko da ya shekara goma a Jimeta yana dako a bakin kogi lokacin da jiragen ruwan kamfanoni irin su John Holt ke hawowa Binuwai da damina su kwashi gyaɗa da fatu. Rashin ganin suna a shekara kaza bai nuna cewa mutum ba ya nan ba.

Iyayenmu mata, ku gafarce mu, ku takardar haraji ba ta san da ku ba. Inda sunan mace ke fitowa shi ne littafin kotun alƙali, musamman a rabon gado, domin a nan dole a jera magada duka, mata da 'ya'ya maza da mata, kowa da sunansa da rabonsa. A ganinmu babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani ga mai neman asali, don takan ambaci har ɗan da ya yi tafiya ba a san inda yake ba. Duk wanda ya san an taɓa raba gadon gidansu a gaban alƙali, ya nemi shekarar, ya tambaya a kotun da ta gaji waccan. Amma ko da takarda ta manta da ku, ku ne kuka riƙe abin da takarda ba ta riƙe ba. Tsohuwa ita ta san wace ce ta goyi wane, wa aka aurar zuwa Garwa, wace irin aska ce a fuskar kaka, da kirarin da ake yi wa gidan ranar biki. Aska kaɗai tana iya gaya maka ko mutum Bagobiri ne ko Babarbare ko Bakatsine. Muna roƙon matasa, kafin ku hau mota zuwa ko'ina, ku zauna da kakanninku mata ku ɗauki maganarsu a waya, ba zama ɗaya ba, domin tsoho ba ya tuna abu duka a rana ɗaya.

Tsoho ba zai ba ka shekara da lamba ba, zai ce zamanin Lamiɗo wane. To ga ma'auni, ku rubuta. Bobbo Ahmadu 1901 zuwa 1909. Iya bai daɗe ba, sai Abba daga 1910 zuwa 1924. Maigari 1924 zuwa 1928. Mustafa 1928 zuwa 1946. Ahmadu 1946 zuwa 1953. Aliyu Musdafa daga 1953 har 2010. Idan aka ce kakanka ya sauka zamanin Maigari, ka san shekaru huɗu kawai za ka bincika. Idan aka ce yunwa ce ta koro su daga ƙasar Kano, tambaya ko babbar yunwar 1914 ce. Zuwan Sarauniya 1956 ne, rasuwar Sardauna 1966, canjin hannun tuƙi 1972, shigowar naira 1973.

Akwai waɗanda suka fita daga gidajenmu ba su dawo ba, kuma hanyoyinsu sanannu ne. Na farko fatake. Kafin yaƙin duniya na farko iyakar Jamus tana nan kusa da Yola ta gabas, amma fatakenmu ba su daina zuwa Garwa da Ngaundare da Banyo da Tibati ba, kuma da yawa sun yi aure can sun zauna. Zuriyarsu na Kamaru, sai a neme su ta hannun sarakunan Hausawan waɗannan garuruwa. Mubi da Ganye kuwa, da suke cikin yankin amana, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961 suka tabbata a Nijeriya da sunan Lardin Sardauna, don haka wasu takardunsu dabam aka ajiye su.

Na biyu alhazan ƙasa. Mutum yakan ɗauki iyalinsa ya bi ta Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, ya ratsa Darfur, yana tafiya yana aiki, shekara biyar ko goma. Da yawa sun tsaya a gonakin audugar Jazira a Sudan, ko a garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu suna jin Hausa har yau, kuma wasu gidaje sun sadu da danginsu a wurin aikin hajji ko ta WhatsApp, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya tarwatsa mutane da yawa daga mazauninsu.

Na uku sojan Bama. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a can a yaƙin duniya na biyu, kuma 'yan Arewa suna da yawa a ciki. Hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamatan a intanet, kyauta ake dubawa, da lambar soja da ranar rasuwa. Da yawa an sassaƙa sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. A soja sau da yawa da sunan gari ake rubuta mutum, don haka a gwada sunansa haɗe da Yola, a kuma gwada shi haɗe da garin asali.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Mai tono asali yana iya tono abin da bai zata ba. Ƙasar nan an yi bauta a cikinta, kalmar rumde ma a Fillanci mazaunin bayi take nufi, kamar rinji a Hausa. Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma kotuna sun rubuta sunayen waɗanda suka fanshi kansu ko aka 'yanta su. Wanda ya ga irin wannan a gidansu, ba abin kunya ba ne ga wanda aka kama aka sayar. Wanda kuma ya gani a gidan wani, amana ce, bakinsa alaikum. Ƙungiya ba za ta lamunci a mayar da wannan aiki abin gori ko na hana aure ba.

To idan an samu sunan, me zai yi mana a gaban hukuma? Kada mu yaudari kanmu. Tsarin mulki na 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida ko'ina a ƙasar. Waɗannan haƙƙoƙi ba su jiran sunan kakan kowa. Amma tsarin mulkin nan dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta, bai kuwa fayyace shekara nawa mutum zai yi kafin ya zama ɗan asali ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ta ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalinta ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓe shi a matsayin haka, kuma ba a yarda mutum ya riƙe biyu ba. Kun ga ke nan an bar wuƙa da nama a hannun ƙaramar hukuma. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala a 2006, bayan rikicin Jos na 2001 da na Yelwan Shendam na 2004, ta nuna yadda ta shafi jihohi da dama, Kudu da Arewa. Rasit ɗin harajin 1948 ba zai tilasta wa kowa ya sa hannu ba. Abin da zai yi shi ne, idan mai unguwa da hakimi za su shaide ka, ga abin da za su dogara da shi. Idan kuma can garin asali za ka nema, ka je da sunan gida da unguwa maimakon ka je da sunan gari kawai. Haka nan yana taimakawa a rikicin fili wajen nuna daɗewar zama.

Muna kuma jan kunnen matasa a kan sayen takarda a bayan fage ko rantsuwar ƙarya a kotu. Ana tantancewa, kuma wanda aka kama bayan ya shekara goma a aiki, aikin da fanshon duka za su tafi. Sannan wannan bincike ba na jayayya da kowa ba ne. Batawa da Verre sun riga mu zama a wannan kwari, Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kakanninmu sun zo sun tarar da mutane, aka ba su masauki. Abin da muke nema a rubuta shi ne yaushe suka zo, me suka yi, nawa suka biya.

Mutanen Damare ba sai an gaya musu yadda takarda ke salwanta ba. A 2014 mun ga 'yan'uwanmu daga Madagali da Michika da Mubi sun cika sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke nan, da yawansu daga su sai rigar jikinsu. Dattawan Jimeta sun tuna abin da wuta ta ci a rikicin Maitatsine na 1984. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo, ta jiƙa akwatuna da yawa. Saboda haka duk takardar da aka samu a ɗauki hotonta a waya gaba da baya, a tura wa mutum biyu a cikin dangi, asalin kuma a sa a leda a ɗaga shi sama. Kada a manna mata salatif, kada a bi rubutun da ya dushe da biro. Yaran da ake haifa yanzu kuma a yi musu takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a tabbatar an rubuta sunan uba daidai yadda yake a sauran takardunsa.

Kwamiti ya sayi babban littafi, kowane gida shafi biyu. Za mu riƙa zama da shi a ofis ranar Asabar bayan la'asar. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da bakinsa, ɗaliban ajin manya sun yarda za su rubuta masa, da boko ko da ajami, yadda ya fi so. Iyaye mata da ba za su iya fitowa ba, za a tura musu 'yan mata biyu har gida. Idan gidajen da suka cika shafinsu sun kai ashirin, za a zaɓi mutum biyu su tafi Kaduna da sunayen gaba ɗaya, don kada kowa ya yi ta kashe kuɗin mota shi kaɗai. Gudummawar tafiyar tana hannun ma'aji, kuma zai ba da rasit.

 Shugaba, mun mayar da magana gare ka.